Tikitin San Gimignano Pass: abin da yake buɗewa, inda yake da rauni, da wanda ya dace ya saye shi

San Gimignano ƙaramin gari ne mai ganuwa a kan tudu, a yankin Tuskani na ƙasar Italiya, tsakanin Fulorans da Siyena. Shiga garin kyauta ne, ba mai tare ka a ƙofa. Kuɗi yana shigowa ne idan kana son hawa hasumiya mafi tsawo, ko shiga babban cocin garin, ko ganin abin da aka adana a gidajen tarihi. Saboda haka ne aka yi tikitin haɗaka mai suna San Gimignano Pass, wanda ke aiki kwana biyu a jere. Hukuncina a kansa shi ne: tikiti ne mai kyau ƙwarai ga wanda zai yi aƙalla awa biyar a garin, ko zai kwana, amma asarar kuɗi ne ga wanda motar 'yan yawon buɗe ido za ta sauke shi na awa ɗaya da rabi.

Tikitin ya haɗa Palazzo Comunale, wato fadar hukumar garin, da ɗakunan zane-zanen da ke cikinta, da hasumiyar Torre Grossa. Ya haɗa babban cocin da ake kira Duomo ko Collegiata, tare da gidan adana kayan ibada da ke gefensa. Sai rukunin Santa Chiara, inda gidajen tarihi uku suke a gini ɗaya, sai kuma ƙaramin cocin San Lorenzo in Ponte. Amfaninsa na farko shi ne wuraren nan ba hannu ɗaya ke riƙe da su ba. Fada da hasumiya na hukumar gari ne, Duomo kuwa na majami'a ne, kowanne da nasa tikitin. Wanda zai shiga ɓangarorin biyu, haɗakar ta fi masa sauƙi, kuma layin sayen tikiti sau ɗaya zai bi. A adana shi da kyau, domin a kowace ƙofa sai an nema.

Kafin a zo kan hasumiya, ya kamata a san abin da ya sa ƙaramin gari irin wannan ya tara dogayen gine-gine haka. Garin yana kan Via Francigena, tsohuwar hanyar da masu ziyarar ibada daga arewacin Turai ke bi zuwa Roma. Babban limamin Canterbury ta ƙasar Ingila mai suna Sigeric ya lissafa shi cikin zangon da ya yada a kan hanyarsa ta komawa gida wajen shekarar 990. Baƙi suka kawo ciniki, noman za'afaran ya kawo dukiya, garin ya zama mai cin gashin kansa a 1199. Daga nan gidajen attajirai suka shiga gasar gina hasumiya, kowa yana son tasa ta fi ta maƙwabcinsa, har adadinsu ya kai 72. Hasumiyar mafaka ce ranar faɗa, kuma shaidar arziki ce ranar zaman lafiya, ga shi faɗa bai yi ƙaranci ba tsakanin gidan Ardinghelli da gidan Salvucci. A 1255 hukuma ta kafa doka cewa kada wani gida ya gina abin da ya fi Rognosa, hasumiyar hukuma ta lokacin, tsawo. Sai annobar 1348 ta zo ta kwashe jama'a masu yawa, a 1353 garin ya miƙa wuya ga Fulorans, ciniki ya koma wasu hanyoyi. Talaucin da ya biyo baya shi ne ya hana a rushe tsoho a gina sabo, shi ya sa hasumiyoyi 14 suka kai yau. UNESCO ta sa tsakiyar garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1990.

Torre Grossa ita ce abin da mafi yawan mutane ke sayen tikitin dominta. An gama ta a 1311, tsawonta mita 54, kuma ita ce mafi tsawo a garin. Ana shigarta ta cikin fada, ba ta da ƙofa daban a waje. Matakalarta 218 ce. Yawancinsu na ƙarfe ne na zamani da aka kafa a cikin ramin hasumiyar, da madogara a gefe da wuraren tsayawa a huta, saboda haka hawan bai kai yadda ake tsoro ba. Matsalar tana can sama. Ƙarshen hawan tsani ne mai miƙewa, mutum ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, kuma sai an sunkuyar da kai wajen fita, domin ƙararrawa da ƙarafunan da ke riƙe da ita suna nan kusa. A nan cunkoso ke haɗuwa: masu sauka suna jiran masu hawa, masu hawa suna jiran masu sauka. Mai doguwar riga ya tattare ta da hannu ɗaya kafin ya taka tsanin, mai jakar goyo ya juyo da ita gaba. Silifa da takalmi mai tsini ba su dace ba. Wanda jiri ke ɗiba idan ya kalli ƙasa ya sani cewa ana hango zurfin ramin ta tsakanin matakalar, gara ya kafa idonsa a bango. Babu na'urar ɗaga mutane, kuma idan ana tsawa ko iska mai ƙarfi ana iya rufe hawan.

Daga sama ana ganin jajayen rufin gidaje, da dandali biyu na tsakiya, da kwarin Elsa da gonakin inabi da na zaitun, har da duwatsu masu nisa idan sama ta washe. Abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne, daga nan ba za ka ga jerin hasumiyoyin nan da ake bugawa a hotuna ba, tunda kana tsaye a kan babbarsu, sauran duk suna ƙarƙashinka. Wannan hoton daga Rocca di Montestaffoli ake ɗaukarsa, kangon sansanin da mutanen Fulorans suka sa aka gina bayan 1353, a wuri mafi tudu na garin, tafiyar minti biyar daga bayan Duomo. Akwai ƙaramar hasumiya da ta rage a kusurwarsa, ana hawanta da 'yan matakala kaɗan, kuma ba a biyan ko sisi. Wanda hoto kawai ya kawo shi, Rocca ta ishe shi.

Ɗakunan fada su ne ɓangaren da mutane ke wucewa da sauri don su kai ga hasumiya, alhali sun cancanci minti arba'in. Babban zauren majalisa ana kiransa Sala di Dante, saboda Dante, shahararren mawaƙin Fulorans, ya zo garin a 1300 a matsayin jakada. Bango guda na zauren zanen Lippo Memmi ne na 1317. A sama akwai ɗakin Podestà, wato baƙon alƙalin da ake ɗaukowa daga wani gari ya yi mulki na ɗan lokaci don kada ya goyi bayan wani gida. Zanen bangon ɗakin, aikin Memmo di Filippuccio, yana nuna al'amuran aure da soyayya, har da ma'aurata a bahon wanka, don haka mai tafe da yara ya san da wannan kafin ya shiga. Zanen da ya fi amfani ga mai son fahimtar garin shi ne na Taddeo di Bartolo, inda aka zana waliyyin da garin ya ci sunansa yana zaune, ya ɗora garin gaba ɗaya a kan cinyarsa. Ka matsa kusa ka duba: ga ganuwa, ga ƙofa, ga hasumiyoyi cunkushe, kamar yadda mai zanen ya san su a farkon ƙarni na 15. Akwai kuma zane biyu masu siffar da'ira na Filippino Lippi, da babban zanen Pinturicchio na 1511. Raunin wannan ɓangare shi ne bayanin da ke jikin kayan gajere ne, sau da yawa suna da shekara kawai, wanda bai yi karatu a kai ba tun daga gida zai iya wuce muhimmin abu bai sani ba.

Duomo ne inda tikitin ya fi biyan kuɗinsa. Daga waje ba a ganin komai sai bango fili da matakala masu faɗi, har mutum ya ɗauka babu abin kallo. Masu ziyara ba ta babbar ƙofar gaba suke shiga ba, sai an bi ta ƙarƙashin bakan da ke hagu zuwa ƙaramin dandalin Piazza Pecori, a nan wurin tikiti yake. Da yawa suna hawa matakalar gaba su tarar da ƙofa a rufe su juya. An keɓe cocin a 1148, kuma kusan duk bangonsa na ciki zane ne daga sama har ƙasa. Bangon gefe ɗaya aikin Bartolo di Fredi ne na 1367, labaran Tsohon Alkawari: halittar Adamu da Hauwa'u, jirgin Nuhu, ƙetare teku, jarrabawar Ayuba. Ɗaya gefen labaran Sabon Alkawari ne. A bangon ƙofa ta ciki akwai zanen ranar hisabi na Taddeo di Bartolo, kuma ɓangaren wuta bai ɓoye komai ba na azaba da tsiraici. Duk wanda addininsa ko ra'ayinsa bai yarda da kallon surar annabawa ba, ya kamata ya san cewa wannan shi ne ainihin abin da ke cikin cocin, kuma idan ba zai shiga ba, tikitin gidajen tarihi na hukumar gari kaɗai ya fi masa, ba haɗakar ba.

A ƙarshen gefen dama akwai ɗakin Santa Fina, yarinyar garin da ta rasu a 1253 tana da shekara 15, bayan ta yi shekaru a kwance a kan katako saboda ciwo. Domenico Ghirlandaio ya zana bango biyu na ɗakin wajen 1475. A zanen jana'izarta, bayan mutanen da suka kewaye gawar, ana ganin hasumiyoyin garin, da wani ƙaramin mala'ika yana kaɗa ƙararrawa a kan ɗaya daga ciki. Fuskokin mutanen kamar na waɗanda ka sani, kowa da irin nasa alhinin. Ɗakin ƙarami ne, idan ayari ɗaya ya shiga ya cika shi, sai a ɗan dakata su fita.

Dokar sutura a cocin ita ce a rufe kafaɗa da gwiwa, maza da mata. Wurin ibada ne mai aiki, saboda haka ana dakatar da masu ziyara lokacin addu'a, kuma ranar Lahadi da safe ba a shigar da su. Wannan shi ne babban abin da ke lalata wa mutane tsari: lokutan buɗewar coci da na gidajen tarihi ba ɗaya ba ne, duk da cewa tikiti ɗaya ne. A lokacin sanyi ana makarar buɗewa kuma ana rufewa da wuri, sannan ana daina shigar da mutane tun kafin lokacin rufewa ya cika. A duba jadawalin ranar a wurin sayen tikiti, a fara da wurin da zai riga rufewa.

Gidan kayan ibada da ke gefe minti goma sha biyar ya ishe shi.

Santa Chiara tana kan titin Folgore da San Gimignano, can ɓangaren arewa, nesa da hayaniya. Mafi yawan masu tikitin ba sa kai wa nan, kuma sun yi rashi. Abin da ya fi jan hankali shi ne Spezieria di Santa Fina, kayan ɗakin haɗa magani na tsohon asibitin garin da aka kafa bayan rasuwar yarinyar: tuluna na tangaran masu rubutun sunan magani a jiki, kwalaben gilashi, da yadda aka raba wurin sayarwa da wurin dafawa. Gidan kayan tono yana nuna abin da aka samu na mutanen Etruska, tsoffin mazauna Tuskani, da na Rumawa a yankin, a sama kuma akwai zane-zanen zamani. San Lorenzo in Ponte kuwa ɗan ƙaramin coci ne na ƙarni na 13 kusa da tsakiyar gari, da zanen lahira a bangonsa, ziyarar minti goma.

Akwai abubuwan da tikitin bai ƙunsa ba, kuma wasu daga cikin mafi kyawunsu kyauta ne. Cocin Sant'Agostino a ƙarshen arewa yana da zanen Benozzo Gozzoli na 1464 zuwa 1465 a kan rayuwar waliyyi Agustin, kuma sau da yawa za ka same shi shiru. Piazza della Cisterna, dandali mai kusurwa uku da aka shimfiɗa wa jan bulo, yana da rijiya a tsakiya tun 1273. Ka taɓa bakin dutsen rijiyar, za ka ji kwarmin da igiyar guga ta ci a cikinsa. Gidan Torre e Casa Campatelli, inda ake ganin yadda aka haɗa hasumiya da gidan zama, yana hannun wata ƙungiyar kula da kayan tarihi kuma tikitinsa daban. Gidajen nuna kayan azabtarwa da ke kan babban titi na 'yan kasuwa ne, ba sa cikin haɗakar, kuma ba su da alaƙa ta musamman da tarihin garin.

Ita kanta ganuwar tana buƙatar bayani, domin nan ma ana samun saɓanin tsammani. Tsawonta ya ɗan haura kilomita 2, da ƙofofi biyar, manyansu Porta San Giovanni a kudu da Porta San Matteo a arewa, dukansu na 1262. Ba a tafiya a kan ganuwar San Gimignano. Hanyar zagayen a gindinta take, ta waje, wani wuri ƙasa da tsakuwa, wani wuri gangara da hawa. Awa ɗaya ce a tafiyar natsuwa, kuma ta ɓangaren gabas ana iya gangarawa ta Porta delle Fonti a ga tsofaffin maɓuɓɓugan ruwa masu baka inda ake ɗiban ruwa da wanki a da. Gangarar tana da tsanani, dawowar ta fi. Wanda burinsa ya taka saman ganuwa, Monteriggioni ce tasa, ƙaramin sansanin da mutanen Siyena suka gina tsakanin 1214 da 1219 mai hasumiya 14, ko kuma Lucca, inda saman ganuwar ya zama faffaɗan titi mai bishiyoyi na sama da kilomita 4.

Yadda za a ci moriyar kwana biyun ya danganta da lokacin isowa. Motocin ayari suna fara sauke mutane da hantsi, kuma daga nan har la'asar titin San Giovanni, daga ƙofar kudu zuwa bakan Arco dei Becci, cike yake maƙil kamar ranar kasuwa. Tsarin da ya fi aiki shi ne a iso da yamma, a shiga Duomo a awa ta ƙarshe lokacin da ayari suka watse, a hau Rocca kafin faɗuwar rana, a kwana. Washegari a tsaya a ƙofar fada kafin a buɗe, a hau hasumiya kai tsaye tun tsanin babu kowa, a sauko a bi ɗakunan a hankali, sannan a nufi Santa Chiara da Sant'Agostino daidai lokacin da tsakiyar gari ke cika. Ranar Alhamis da safe kasuwa ke ci a dandalin tsakiya, rumfuna suna rufe rijiya da gaban gine-gine, mai son hoto ya lura. Watannin Yuli da Agusta akwai zafi da cunkoso, Afrilu, Mayu da Oktoba sun fi daɗi.

Garin ba shi da tashar jirgin ƙasa. Ana sauka a Poggibonsi, kimanin kilomita 12, a hau bas mai lamba 130 wadda ke kaiwa bakin ƙofofin gari cikin ƙasa da rabin awa. Ana sayen tikitin bas a shagunan taba masu alamar babban harafin T, kuma tikitin takarda, na bas ne ko na jirgin yanki, sai an buga shi a na'ura. Wanda aka kama da tikitin da ba a buga ba tara zai biya, ko da ya saya da kuɗinsa. Ranar Lahadi da ranakun hutu motocin suna raguwa sosai, a san lokacin ta ƙarshe tun kafin a shiga gari. Mai motar haya kuma ya kiyayi alamar ZTL, farin da'ira mai jan baki. Cikin ganuwa an hana motar baƙi, kyamara ce ke ɗaukar lamba, takardar tara kuma takan iso bayan watanni, tare da cajin kamfanin haya a kai. Akwai wuraren ajiye mota na kuɗi a wajen ganuwa masu lamba P1 zuwa P4. Wanda masaukinsa ke ciki ya tuntuɓe su tun kafin ya iso, su gaya masa yadda zai sauke kaya. Jaka mai taya tana wahala a kan duwatsun titin, ga hawa.

Tikitin bai shafi abinci ba, amma wanda zai yi yini yana buƙatar sanin abu biyu. Na farko, gidajen abinci suna ƙara kuɗin zama da ake kira coperto a kan kowane mutum, yana rubuce a jikin takardar abinci, kuma kofi a tsaye a kanta ya fi arha a kan na zaune a dandali. Na biyu, abincin yankin ya dogara sosai da naman alade da giya. Cinghiale aladen daji ne, shi ake yawan sa wa a miyar taliya. Finocchiona, prosciutto, pancetta, guanciale, lardo da strutto duk daga alade suke. Vernaccia farar giyar garin ce, ana kuma sa ta a girki har da wasu nau'o'in askirim, haka vin santo da ake kawowa da biskit. Wanda ba ya cin waɗannan yana da zaɓi: pappa al pomodoro, wato burodi da tumatir da man zaitun, ko panzanella a lokacin zafi, ko taliyar pici da miyar tumatir da tafarnuwa, ko ribollita ta wake da kabeji da burodi, amma ita a tambaya ko an sa nama a romon. Burodin Tuskani ba gishiri a cikinsa, haka ake yin sa. A shagon askirim na Dondoli da ke Piazza della Cisterna, Crema di Santa Fina, mai za'afaran da 'ya'yan itacen pine, ita ce ta fi dacewa a ɗanɗana, Champelmo kuwa da giya ake yin ta. Layin yakan yi tsawo amma yana tafiya da sauri.

Mai sayen za'afaran ya nemi wanda ke ɗauke da tambarin DOP, wato shaidar hukuma ta asalin inda aka noma shi, da sunan garin, kuma ya zama zare-zare, ba gari ba, domin na San Gimignano na ainihi a zare ake sayar da shi. Ana sayar da shi a 'yan ƙananan kwalabe, ƙasa da giram ɗaya, kuma idan aka jiƙa zare kaɗan a ruwan ɗumi, launin yana fita a hankali, rawaya mai haske, zaren kuma yana nan da jansa.